Shafin choosealicense.com da zaɓen lasisin laburaren manhaja

Tun shekarar 2013 kamfanin GitHub, mai shafin ajiye manhajoji a intanet, ya buɗe shafin choosealicense.com domin masu rubuta manhaja da kansu ke ɗaurewa idan aka zo batun lasisi, wato sharuɗɗan da ke faɗin yadda wasu za su yi amfani da manhajar, kuma a wannan aikin ya cancanci yabo. Maimakon ya jefa mutum cikin dogon Turancin lauyoyi, yana miƙa masa lasisin MIT idan sauƙi yake nema, ko GPLv3, wato zubi na uku na lasisin GPL, idan yana son duk wanda ya gyara aikinsa ya rarraba shi ya saki gyaran a fili. An raba bayanin kowane lasisi gida uku da ɗigo masu launi: kore ga abin da aka yarje, shuɗi ga sharuɗɗa, ja ga abin da marubucin bai ɗauki alhakinsa ba.

Mai laburare, wato tarin lambobin umarnin kwamfuta da wasu manhajoji ke jingina da shi, sai ya ƙara leƙawa ciki kafin ya tarar da LGPL, lasisin da aka ƙirƙira musamman don irin aikinsa a 1991, wanda ke barin manhajar kasuwanci ta yi amfani da laburaren ba tare da ta bayyana nata lambobin ba.

A ganina raunin shafin yana wajen ɗaga lasisi zuwa sabon zubi, domin ba don wannan aka gina shi ba, alhali a nan aka fi shan wahala. Wanda ya rubuta cewa aikinsa na ƙarƙashin GPL na biyu ko wanda ya biyo baya, ya koma na uku cikin sauƙi bayan fitowarsa a 2007. Wanda ya ce na biyu kaɗai, kamar yadda yake a ƙashin bayan tsarin Linux, dole ya nemi yardar kowane mai haƙƙin mallaka, ko ya sake rubuta sashensa. Masu OpenSSL, laburaren tsare sirrin bayanai a intanet, sun shafe shekaru suna bin sawun masu gudummawa ɗaya bayan ɗaya kafin zubi na 3.0 ya fito da lasisin Apache 2.0 a 2021. Shi kuma Apache 2.0, a hukuncin gidauniyar FSF da ke fitar da lasisin GPL, yana haɗuwa da GPL na uku amma ba ya haɗuwa da na biyu, kuma launukan nan uku ba sa nuna wannan.