Littafin cin amanar da na biya a WhatsApp: rabin farko ya ci kuɗinsa, sauran jan rai ne

Littafin nan da matan Sakkwato ke ta tura wa juna tallarsa, na biya na karanta shi har ƙarshe. Ba zan kama sunansa ko na marubuciyar ba, tunda akwai ƙorafi a maganata, kuma waɗanda muke rukuni ɗaya sun san wanda nake nufi.

Tsarin sayarwar shi ne wanda aka saba. Shafukan farko kyauta ne, sai labari ya ɗauko daɗi a ce ki tura naira 1,000, ki aika shaidar biya, a saka ki a rukuni. Akwai na manyan mata, naira 2,500, su suke riga kowa gani. An yi mana alkawarin shafi biyu kullum bayan isha'i, kuma da farko an cika. Daga baya sai uzuri ya yi yawa, yau ba wuta, gobe biki, amma tallar turaren wuta da kayan mata ba ta taɓa fashi ba.

Labarin wata malamar makaranta ce a Runjin Sambo, mai 'ya'ya uku. Mijinta ɗan kasuwa ne da ke shige da fice ta Illela zuwa Ƙonni. Aminiyarta tun ta sakandare, wadda ta yi mata zaman jego, ita ce ya kama wa gida a Arkilla ba tare da aure ba. Yadda asirin ya tonu ya burge ni. Ba boka, ba mafarki, ba 'yar aiki mai laɓe. Mai gidan haya ne ya bugo neman cikon kuɗi, wayar tana hannun ƙaramin yaro yana wasa, uwar ta karɓa.

Daga nan har zuwa saki, ban karanta abin da ya kai shi ba a 'yan shekarun nan. Marubuciyar ta san yadda gida ke mutuwa ba tare da an ɗaga murya ba. Matar ta ci gaba da dama masa fura, tana ajiyewa ba ta kallonsa. Ta kai ƙara gida, innarta ta ce, "Ki yi haƙuri ɗiyata, wa ya taɓa zaman aure bai ga abin da ya fi wanga ba?" Baffanta kuwa abin da ya dame shi kada magana ta fita, don akwai ƙannenta biyu da ba su yi aure ba. Babbar 'yar, mai shekara 13, ta daina cin abinci in uban yana gida, ba kuma wanda ya lura sai malamin islamiyyarsu. Saki ya zo a saƙon waya, matar tana cikin aji. Ta karanta, ta mayar da wayar jaka, ta ƙarasa darasin. Wannan wurin na karanta shi na sake, don na san mata irinta, a layinmu ma akwai.

Da marubuciyar ta bi wannan zaren, da yanzu yabo kawai nake rubutawa. Sai aka shiga ramuwar gayya, kuma a nan ne na fara ganin hannun kasuwa a cikin labarin. Kowane shafi dole ya ƙare da abin da zai hana ki barci, don kada ki fita rukuni, don kuma ki gaya wa maƙwabciya ta biya. Malamar da aka gina mana da nutsuwa sai ga ta dare ɗaya ta zama wata daban. Ta watsa hotunan aminiyar a Facebook. Ta sa an kori ƙanen aminiyar daga aiki. Ƙarshe ta auri mahaifin aminiyar, ta zama kishiyar uwarta, ta hana tsohuwa sakat. 'Yan rukuni suna ta tafi, "Allah ya ƙara, maganinta ke nan." Ni tambayata ɗaya: tsohuwar nan me ta yi?

Shi kuwa gogan, wanda ya kama gidan, ya biya hayar, ya rubuta sakin, me ya same shi? Kwastan sun kama masa mota guda, ya yi jinyar mako biyu, ya yi kuka a gaban mahaifiyarsa. Shi ke nan. Shafuka sun fi ɗari ana dambe tsakanin mata, namijin yana gefe kamar ɗan kallo. 'Ya'yan da suka riƙe rabin farko an manta da su gaba ɗaya, sai a shafin ƙarshe aka tuna aka aurar da babbar.

Zaman kotun ma ya ba ni haushi, don labarin a Sakkwato aka ce yana faruwa, inda kotunan shari'a ke hukunci da mazhabar Malikiyya. A littafin, alƙali ya karɓe yaro ɗan shekara huɗu ya ba uban, wai don ya fi kuɗi. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma tana kan uba. In uwar ta yi wani aure, kakar wajen uwa ce ke gaba, ba uban ba. Haka nan jarumar ta tsaya a bainar jama'a ta jefi mutum da zina, ba shaidu, ba wanda ya ce mata kanzil. Aya ta 4 a Suratun Nur a fili take: shaidu huɗu, in babu, bulala 80 ga mai ƙazafi. Wannan jihar ta ga yadda shari'ar zina ke girgiza gari a 2001 da 2002, lokacin shari'ar Safiya Hussaini, har duniya ta ɗauka. Damuwata ita ce mata da yawa daga irin waɗannan littattafai suke ɗaukar abin da suke zaton doka ce. Wata za ta bar 'ya'yanta tana kuka, ta ɗauka ba ta da ta cewa.

Garin kansa suna kawai ya ara. An ambaci Hubbare da Kasuwar Kara, amma in ban da innar nan, kowa Kananci yake yi. Ba zafin watan Afrilu, ba ɗan kabu-kabu ko ɗaya. Akwai inda mijin ya bar gida da azahar a mota, ya je Abuja, ya dawo ya ci tuwon dare. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gusau da Funtuwa zuwa Kaduna ya san zuwan kaɗai wuni ne.

Sai shafukan ɗaki. An ce na matan aure ne, amma ba wanda ya tambaye ni shekaruna kafin a karɓi kuɗina, kuma daga irin surutun da ake yi a rukunin, akwai 'yan makaranta a ciki. Labarin bai buƙace su ba, an cusa su ne don ciniki.

Mai son karantawa ta biya na 1,000 ɗin, na manyan mata ba abin da ya ƙara sai riga kowa gani da kwana ɗaya. Tunda an kammala, ta karɓa a dunƙule, ta huta da jiran dare. An sanar da cewa littafi na biyu kan babbar 'yar zai tsaya. Zan karanta shafukan kyauta, in na ga an koma gidan Runjin Sambo da yaran, zan biya.