Tauraron ɗan Adam ko igiyar awo: wanne ya fi sanin makiyayar sage-grouse?

Malam, ka tambaya cewa tunda tauraron ɗan Adam na ɗaukar hoton ko'ina, me ya sa BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin Amurka, take ci gaba da tura ma'aikata daji da igiyar awo don duba mazaunin tsuntsun sage-grouse. To, kowanne da abin da idonsa ke kaiwa.

Tsuntsun yana jihohi 11 na yammacin Amurka, a Wyoming ya fi yawa. Rayuwarsa ta rataya ne a kan sagebrush, wani guntun itace dangin tazargade: ganyensa yake ci da hunturu, a gindinsa macen ke yin sheƙa. Rahoton USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, na 2021 ya nuna yawansa ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari tun 1965.

Ƙarfin tauraron Landsat shi ne faɗi da daɗewa. Akwai hotunansa tun shekarun 1970, don haka ana iya bin yadda baƙuwar ciyawa cheatgrass ke mamaye fili. Ciyawar kan bushe da wuri ta ja gobara, ta riga kowa tsirowa bayan wutar, shi kuwa sagebrush sai ya yi shekaru gommai bai dawo ba. Tauraron yana kuma nuna inda bishiyoyin juniper ke kutsowa, waɗanda shaho da hankaka ke fakon tsuntsun a kansu. Sai dai ɗigo ɗaya a hotonsa fili ne mai mita 30 kowane gefe, kuma ƙiyasi ne: da bayanan masu igiyar awon nan aka koya wa kwamfuta karanta hoton.

Su kuwa sai sun taka ƙasa. Sukan shimfiɗa igiya uku, kowace mita 25, su saki siririn ƙarfe a kowane rabin mita su rubuta abin da ya taɓa, ko itace, ko ciyawa, ko tsurar ƙasa. Nan ne ake gane ƙananan ganyayen da 'yan tsaki ke ci, a kuma auna ko an kai ma'aunin wurin sheƙa da aka tsayar a 2000: rumfar sagebrush ta rufe kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na fili, ciyawa mai tsayin santimita 18. Aiki ne mai cin kuɗi, fili kaɗan ake taɓawa.

Kada kuma ka ɗauka awon ƙasa ba ya kuskure. A 2016 masu bincike sun gano cewa ana auna ciyawar sheƙar da ta lalace da wuri, ta wadda ta ƙyanƙyashe kuma sai daga baya, lokacin ciyawa ta ƙara tsayi. Sai ya zama kamar tsayin ne ya ceci ƙwan, alhali bambancin ranar awo ne. Makiyaya sun ji wannan sosai, domin ma'aunin ya shafi izinin kiwonsu a filayen gwamnati.

In ni ne, tauraro zan bi wajen zaɓar inda za a fara aiki. Amma kafin a rage wa makiyayi shanu a wani fili, sai an je an auna, kuma a lokaci ɗaya na shekara.