Sufamaket ko kasuwar manoma: ina ake samun kayan lambu sabon tsinka a ƙasar waje?

'Yar uwa sannu da baƙunta, Allah ya sa kin shiga a sa'a. Kin ce wata uku kenan da komawarki waje, tumatir ɗin da kike saya a sufamaket jawur da shi gwanin sha'awa amma in kin yanka ba ƙamshi ba ɗanɗano sai ruwa, ganye kuma kwana biyu ya yi yaushi, shi ne kike tambaya ko ki koma kasuwar manoma gaba ɗaya ko kuwa duk kanwar ja ce. Toh gaskiya akwai bambanci sosai, amma ni ba zan ce ki yar da ɗaya ki rungumi ɗaya ba, na daɗe ina zuwa duka biyun kuma abin da na tsaya a kai shi ne irin kayan da kike nema shi zai nuna miki inda za ki je.

Bari mu fara da tumatir ɗin naki tunda shi ya ɓata miki rai. Na sufamaket yawanci tafiya mai nisa yake yi kafin ya iso hannunki, don haka tun bai gama nuna ba ake cire shi don kar ya fashe a mota, a wasu wuraren ma kamar Amurka yana kore shar ake tsinke shi sai a sa shi a ɗaki a sakar masa iskar da ake kira etilin ya yi ja. Launi ya zo amma zaƙin da rana za ta ba shi a jikin uwarsa bai samu ba. Sannan ga sanyi, tumatir in ya daɗe a ƙasa da digiri 12 ƙamshinsa guduwa yake, kuma ke ma in kin kawo gida kika jefa shi firji kin ƙara masa. In a Turai kike kuma lokacin sanyi ne, ki duba ledar da kyau za ki ga da yawa daga Sifen ko Maroko ko Holan suka fito, yankin Almeriya kaɗai a kudancin Sifen rumfunan ledar da ake noma a ciki sun haura hekta 30,000. Na kasuwar manoma kuwa a lokacinsa, jiya ko shekaranjiya aka cire shi da nunarsa, wani a karkace wani da tabo, amma wallahi tun daga jaka za ki ji ƙamshi. A kan tumatir kam sufamaket ba ta kama ƙafar kasuwar manoma ba.

Abin da na so a ce wani ya gaya min tun farkon zuwana shi ne 'ya'yan itace kashi biyu ne. Akwai masu ci gaba da nuna bayan an tsinke su, ayaba, mangwaro, fiya, kiwi, waɗannan ko a sufamaket kika saya ki ajiye su a waje kwana biyu uku za su yi daidai, kuma dama a ƙasashen sanyi ba a noman ayaba da mangwaro balle ki ce za ki samu na yankin, duk wanda ya baje miki su a Jamus ko Kanada saro su ya yi. Akwai kuma waɗanda yadda aka tsinke su haka za su tsaya, zaƙinsu ba ya ƙaruwa ko kaɗan, sitiroberi, inabi, ceri, kankana, lemu, abarba. Su ne ya kamata ki yi wa tattaki in ana noma su kusa da ke, saboda manomin da zai sayar gobe da safe yana iya barinsu su nuna sosai, wanda zai loda su a jirgi ba zai iya ba. Ki haɗa da ɗanyar masara mai zaƙi da koren wake na kwanso, su ma daga cirewa sukarinsu yake fara komawa sitaci, sai ganye irin latas da alayyahu da ba sa jimirin tafiya.

Amma albasa, dankalin turawa, karas, kabeji, tafarnuwa, waɗannan fa kar ki wahalar da kanki, kaya ne masu jure ajiya, na sufamaket lafiya lau ne kuma sau tari ma na ƙasar ne. Tuffa ce ke tsakiya, ana ajiye ta a ɗakunan sanyi da aka rage iskar oksijin daga kashi 21 zuwa wajen kashi 1 ko 2, tana iya yin watanni da yawa a haka, shi ya sa kike ganinta shekara zagaye. Ba ta da illa, amma ki ɗanɗana sabuwar tsinka a watan Satumba ko Oktoba ki ji bambanci.

Yanzu ta fannin sanin daga ina kayan suka fito, a nan kam zan yabi sufamaket. A Tarayyar Turai da Birtaniya da Amurka doka ta tilasta a rubuta ƙasar da aka noma ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace, ko a jikin leda ko a allon da ke kan kayan, ke dai ki karanta, ki kuma lura inda aka noma daban inda aka zuba a leda daban, wani lokaci adireshin kamfanin cikin gida ne ɓaro-ɓaro amma ƙasar asali tana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Wannan rubutun na aji ɗaya ko aji biyu da ake yi a Turai kuma maganar siffa da girma da tabo ce, bai shafi daɗi ba. Haka tambarin oganik (wato noman da ake gujewa takin zamani da magungunan feshi na kemikal), koren ganyen nan mai taurari na Turai ko ƙaramar sitika mai lamba 5 da ta fara da 9, yana gaya miki yadda aka yi noman ne kawai, abu yana iya zama oganik kuma daga wata nahiya ya taso. A kasuwa kuwa amana ce tsakaninki da mai rumfa, kuma ba duk mai rumfa ne manomi ba. Na taɓa ɗaukar kusan wata biyu ina sayen barkono mai zaƙi wurin wani mutum da ke ce min na gonarsu ne, ranar nan na zo da wuri na tarar yana juye su daga kwalayen da ke ɗauke da sunan wata ƙasa can daban, abin ya min ciwo don na yarda da shi. Tun daga ranar nake tambaya, ina gonar take, yaushe aka cire, me zai fito sati mai zuwa. Manomi na gaske daɗi yake ji in kin tambaya har sai kin gaji da bayani, ɗan sari kuwa kame-kame zai fara. Kuma in kin ga rumfa ɗaya da komai da komai a tsakiyar sanyi, duk girmansu ɗaya suna sheƙi, kin san amsar.

Lokaci da sauƙi kuma na sufamaket ne ba musu, a buɗe take kusan kullum har dare, kasuwar manoma kuwa galibi sau ɗaya ko biyu a sati ne da safe, wasu ma rufewa suke in sanyi ya shigo, ga mai aiki da yara ba kullum zai yiwu ba. Kuɗi kuma ya danganta, abin da ke tsakiyar kakarsa yakan yi sauƙi a kasuwa musamman dab da tashi, wanda bai yi yawa ba kuma sai ki ga ya fi na kanti.

Kakar nan ita ce abin da baƙo ya fi tuntuɓe da shi, don kalandar da kika taso da ita a kanki ba ta aiki a sabon wuri. A arewacin Turai da Kanada daga Yuni zuwa Oktoba ne kaya ke cika, sitiroberi Yuni da Yuli, tumatir sai wajen Agusta, a Jamus ma asfaragus, wani kayan lambu da ake cin dogon tsironsa, ranar 24 ga Yuni ake rufe kakarsa bisa al'ada. Watan Afrilu da Mayu a Ingila gonaki kusan fayau suke, na sanyi ya ƙare na zafi bai iso ba, kar ki je kasuwa lokacin ki ce ai ba komai. A Ostireliya da Afirka ta Kudu abin a juye yake, Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin zafi. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa lokacin sanyi ne gonakinsu ke bayarwa, kamar daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Akwai hanya ta uku da ta haɗa rabin wannan da rabin wancan, ki yi rajista da gona guda ki biya tun farkon kaka su riƙa ba ki kwando duk sati. A Amurka CSA suke ce masa tun 1986 aka fara, a Faransa AMAP tun 2001, a Jamus Solawi. Sabunta kam ba a magana kuma kin san gonar da ido, matsalarsa ɗaya ba ke ke zaɓa ba, abin da gona ta bayar shi za ki karɓa, in ba ki saba da kayan ƙasar ba za ki ga abubuwan da ba ki san yadda ake dafa su ba su lalace miki. Ni shawarata ki bari sai kin shekara kin gane kayan wurin tukunna.

In sanyi ya kankama kuma kasuwa ta watse, ki leƙa ɓangaren firiza na sufamaket ba tare da jin wani abu ba, koren wake da alayyahu da ake daskarewa awanni kaɗan bayan girbi sun fi wanda ya yi sati a hanya riƙe sinadaransu, tumatir na gwangwani ma da nunarsa ake cire shi, ni daga Nuwamba har zuwa Mayu shi nake girki da shi in bar ɗanyen sai Agusta ya zagayo.