Mun Kira Mai Saita Ma'aunin Injin Girbi, Ga Yadda Muka Kwashe

Bara allon injin girbinmu, mai nuna nauyin hatsin da aka girba, ya kusa zubar min da mutunci. Masara muke nomawa a yankin Saminaka, ni ke kula da gonar. Abin da allo ya nuna daban, abin da sikeli ya ba mu bayan an ɗura a buhu daban, giɓin ya kai kusan buhu goma a kowane ɗari. Alhaji mai gonar bai ce na ci ba, amma kallon da ya yi min ya ishe ni. Shi ya sa bana, masara na fara bushewa na nemo wani mai saiti daga Kaduna.

Yana hawa injin ya ce, "Manaja, wannan fa ba sikeli ba ne." Ashe wani faranti ne a saman sarƙar da ke ɗaga hatsi zuwa tanki. Hatsin na dukansa, na'ura kuma na ƙiyasta nauyi daga ƙarfin dukan. Da ya buɗe wurin sai da na ji kunya: dattin bara ya daskare a kan farantin, sarƙar kuma ta saki. Ya kankare, ya ɗaure, sannan ya bar injin yana aiki babu hatsi don na'urar ta gane girgizar ƙarfe, kada ta riƙa lissafa ta a matsayin masara. Ya kuma gano cewa faɗin bakin injin da ke rubuce a allo ba namu ba ne. Layi 6 muke yanka, tazarar santimita 75, wato mita 4.5. Wannan kuskuren shi ke ɓata lissafin kowace hekta.

Wahalar tana wajen awo. Sau huɗu muka girba, kowanne wajen tan 2: ɗaya a hankali, ɗaya da gudu, biyu tsaka-tsaki, domin yadda hatsi ke dukan farantin yana canzawa da yawansa. Kowane zubi sai an auna shi a shigar da nauyin gaskiya. Mutumin bai zo da ma'auni ba, bai kuma faɗa min tun a waya in tanada ba. Da ƙaramin sikelinmu muka yi, buhu-buhu, yara na ta gumi har bayan La'asar. Danshi ma ya gwada da na'urar hannu ya daidaita, ya ce masarar safe mai raɓa da ta rana ba ɗaya ba ce.

Aikinsa dai ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Zubin gwaji da muka yi washegari, bambancin bai kai rabin buhu ba cikin ashirin.

Inda ya ɓata min rai shi ne rowar ilimi. Direbanmu na tsaye yana son koyo, shi kuma yana ta danne-danne da sauri, ko a takarda bai rubuta mana matakan ba. Sai da muka koma kan waken soya na san kowane amfanin gona da nasa saitin, na kira shi ya ce sabon biya ne. Zan sake ɗaukarsa, amma da sharaɗin direba ne zai riƙa dannawa, shi yana gefe yana faɗa masa. Kuɗin manoman da ke hayar injin kuwa, har yanzu da sikeli nake yanke shi.