Sharhi: akwatin gwajin batirin tutiya da jan ƙarfe na ɗaliban Tahsili

Akwatin nan ana samunsa a shagunan kayan makaranta a Jidda, na kuma gwada shi da yaranmu masu shirin jarrabawar Tahsili, ta neman shiga jami'a a Saudiyya. A ciki akwai fallen tutiya, da na jan ƙarfe, da siririyar wayar azurfa, kofuna biyu, bututun gadar gishiri (wanda ke haɗa ruwan kofunan biyu), mitar auna bolt da ɗan littafin bayani.

Haɗin tutiya da jan ƙarfe ya yi kyau, in dai an shirya shi yadda ya kamata. A narka giram 25 na shuɗin gishirin CuSO₄·5H₂O a cika ruwan zuwa mililita 100, na ZnSO₄·7H₂O kuma giram 28.8. Ruwan batiri za a sa, wato tataccen ruwa marar asid, ban da na famfo. Lissafin E°, wato ƙarfin bolt na ƙa'ida, ya ce +0.34 na jan ƙarfe a debe −0.76 na tutiya, bolt 1.10 ke nan. Karon farko mita ta tsaya a 0.9, saboda dattin da ya rufe fuskar tutiyar; da aka goge ta da samfefa sai ta kai 1.08. Kumfar iska a gadar gishiri kuwa tana yanke hanyar gaba ɗaya, allura ta koma sifili.

Abin da ya ɓata mini rai littafin ne. Wajen daidaita Cu + 2Ag⁺ → Cu²⁺ + 2Ag, ya ninka rabin azurfa sau biyu domin elektiron su yi daidai, wannan kam haka ne. Amma sai ya ninka +0.80 na azurfar ma, ya debe +0.34 na jan ƙarfe, ya fito da 1.26. Kuskure ne babba. E° ba ya ninkuwa da yawan abu, amsar 0.46 ce. Adadin elektiron (n) a lissafin sauyin makamashi, ΔG° = −nFE°, yake aiki, inda na tutiya da jan ƙarfe ke ba da wajen −212 kJ. E° mai alamar tarawa, ΔG° mai alamar debewa: sauyin zai gudana da kansa. Yaron da ya haddace 1.26 zai tafi da shi ɗakin jarrabawa.

Gishirin gadar ma KCl suka sako. Da ya haɗu da ruwan gishirin azurfa sai farin AgCl ya toshe bakin bututun. A nemi KNO₃.

Malamai, ku sayi akwatin don ƙarafan da mitar, amma ku ja layi a kan shafin azurfar kafin ya shiga hannun ɗalibi.