Walat mai toshe RFID, yana aiki amma tallan ya yi yawa

Jama'a wannan walat ɗin da ake ta tallarsa wai yana hana ɓarayi karanta katin ATM daga cikin aljihu ta RFID, wato fasahar karanta kati da siginar rediyo ba sai an taɓa shi ba, na saya na gwada. A cikinsa akwai wani siririn shimfiɗin ƙarfe, shi ke tare sigina. Na sa kati ciki na ɗora a kan na'urar POS, shiru kake ji, ina fito da shi kuwa nan take ta yi ƙara. To aiki kam yana yi.

Ni matsalata da masu tallan ce, sun cika tsoratar da mutane wallahi. Katin banki irin wanda ake ɗan taɓawa a biya yana aiki ne da siginar rediyo mai mitar 13.56 MHz, sai an kawo na'ura dab da shi, 'yan santimita kawai, kuma kowane ciniki katin yana ƙirƙiro sabuwar lambar tsaro wadda ba a maimaitawa, lambobi ukun nan na bayan kati ma ba ya aika su sam, to ɓarawon da ya goge ka a cunkoso me zai samu na kirki?

Abin da ya ban haushi shi ne katin buɗe ƙofar ofis irin na da, mai aiki da wata mitar daban, 125 kHz. Shi aka fi saurin kwafa don lamba ɗaya yake ta bayarwa ba wani tsaro da ke ɓoye ta, kuma shi ne walat ɗin bai tare ba, yana ciki ƙofa ta buɗe abinta. Ga walat ɗin da tauri, da ka ƙara kati sai ya kumbura, ɗinkin gefen ma har ya fara sakin zare.