Littafin 2002 ko na 1993: wanda zan ce ka fara da shi

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wanne za ka fara da shi cikin littattafan lissafi biyu a kan group rings: An Introduction to Group Rings na Polcino Milies da Sehgal, wanda ya fito a 2002, ko Units in Integral Group Rings na Sehgal, na 1993. Ɗauki na 2002. Kada ka tsaya dogon tunani.

Nawa har bangonsa ya saki don yawan buɗewa. Ta dalilinsa na fara gane mene ne yunit a cikin ZG (tarin jimlolin mambobin rukuni G da aka ninka da cikakkun lambobi). Yunit shi ne abin da yake da abokin ninkawa wanda idan an haɗa su sai su ba da 1. Ina tuna daren da na zauna da biro na ɗauki rukuni mai zagaye na mambobi 5 (1, x, x², x³, x⁴, inda x⁵ = 1), na ninka x + x⁴ − 1 da x² + x³ − 1. Sai na ga komai yana kashe ɗan'uwansa, 1 kaɗai ta rage. Wallahi sai da na maimaita sau uku don daɗi. Daga nan maganar masanin lissafi Graham Higman ta 1940 ta zauna mini: a rukuni mai iyaka, yunit ɗin ZG ba sa tsayawa a ±g kaɗai (g mamban rukunin) sai in rukunin na Abel ne (wato ab = ba kullum) da kowane mambansa ke komawa 1 a ƙarfi na 4, ko kuwa na 6, ko kuma Q8 ne (rukunin quaternion mai mambobi 8) haɗe da kwafe-kwafen C2 (rukuni mai mambobi 2). Biyar ba ta cikin wannan sahu, shi ya sa sababbin yunit suka ɓullo. Yunit ɗin Bass, waɗanda ake ginawa da tsarin masani Hyman Bass, su ma a littafin nan za ka same su, an bi da kai sannu a hankali.

Units in Integral Group Rings na Sehgal, na 1993, shi na fara saye, kuma gaggawata ce. Na masu bincike ne, ya shekara a ajiye kafin na iya amfana da shi. In ka kai gare shi, ka sani cewa hasashen Zassenhaus na farko da yake tattaunawa (a taƙaice, cewa duk yunit ɗin ZG da ke komawa 1 a wani ƙarfi kamannin wani ±g ne) ya faɗi: Eisele da Margolis sun kawo misalin da ya karya shi a 2017.

Sai kuma hattara da masu sayarwa a intanet. An taɓa turo mini kwafin hoto da sunan na asali, ƙananan alamomin da ke saman haruffa duk sun dushe, x² da x³ ba a bambance su. A wannan fanni hakan ya kashe littafi. Ka sa a ɗauko maka hoton shafi mai lissafi daga tsakiya, ka duba lambar ISBN, sannan ka biya.